Amsoshin Tambayoyinku: Da gaske ne tsohuwa mai shekara 101 ta lashe tseren mita 100?

TAMBAYA

Wani yarona ne ya nuna mini bidiyo a waya, wai wata tsohuwa 'yar Indiya da ta haura shekara ɗari tana tseren mita 100, har aka rataya mata lambar zinare. Mun yi ta gardama a majalisarmu, wasu na cewa haɗi ne irin na zamani. Don Allah ku ba mu tarihin wannan baiwar Allah, ku kuma yi mana bayanin irin gasar da ake barin tsofaffi su shiga. Ni kaina lokacin da nake sakandare ni nake yi wa gidanmu gudun mita 100 da 200. Yanzu shekarata 52, ina harkar kaya a bakin iyaka. Mai shekaru irin nawa zai iya komawa fili, ko kuwa abin ya zama zubar da girma?

Daga wani mai karatu, Magama, Jibiya, Jihar Katsina.

AMSA

Malam, ka faɗa wa 'yan majalisarku su ajiye gardama, labarin gaskiya ne. Bisa yadda ka siffanta ta, matar nan ita ce Man Kaur, kuma tseren an yi shi ne a birnin Auckland na ƙasar New Zealand a watan Afrilun 2017. Tana da shekara 101 a lokacin, ta kammala mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 14. Za mu ɗauki tambayarka gaɓa gaɓa: tarihinta, tsarin gasar, abin da shekaru ke yi wa jikin mai gudu, sannan mu dawo kan batunka.

Wace ce Man Kaur?

An haifi Man Kaur a ranar 1 ga Maris, 1916, a Patiala da ke yankin Punjab na arewacin Indiya, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Mabiyar addinin Sikh ce. Ta yi hidima a gidan sarautar Patiala, inda mijinta ma yake aikin girki. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki da tattaɓa-kunne, daga baya iyalin suka zauna a birnin Chandigarh. A tsawon waɗannan shekaru casa'in da ɗoriya ba ta taɓa shiga gasar gudu ba, kuma babu wanda ya san ta a wajen danginta da maƙwabta.

Ɗanta, Gurdev Singh, shi ne silar komai. Shi kansa a lokacin dattijo ne da ya kai shekara saba'in, kuma ya daɗe yana shiga gasar guje-guje ta manya. Ya lura mahaifiyarsa ba ta kukan gwiwa, ba ta kukan zuciya, sai ya ja ta zuwa fili tana da shekara 93. Ta fara da tafiya da ɗan sassarfa, abin ya yi mata daɗi, ta riƙe shi. A 2011 ya kai ta gasar duniya ta manya a Sacramento da ke Amurka, ta dawo da zinare a mita 100 da mita 200. A 2016, tana da shekara 100 cif, ta yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 21 a Vancouver ta Kanada. Shekara guda bayan haka, a Auckland, ta rage daƙiƙa bakwai daga wannan lokaci. Wato ta ƙara shekara, ta kuma ƙara sauri, saboda horon da take yi bai tsaya ba.

Akwai abin da ya kamata 'yan majalisarku su sani, domin gaskiya ta cika. A tseren Auckland ita kaɗai ce a rukunin waɗanda suka haura shekara 100, don haka babu wanda ta tsere wa. Wani zai ce to ina bajintar? Bajintar tana wurin isowa layin farawa. A duk duniya, mutum nawa ne masu shekara ɗari za su iya zaman jirgin sama daga Indiya zuwa New Zealand, likita ya duba su ya amince, su tsaya da ƙafarsu, su yi gudun da ya kai tsawon filin ƙwallo ba tare da sanda ba, ba tare da an riƙe su ba? A wannan gasa ta kuma shiga mita 200 da jifan dalma da jifan mashi, inda ta jefa mashi mita 5.12. A 2019, tana da shekara 103, ta je Torun ta ƙasar Poland ta sake kwaso lambobin zinare.

Ɗan nata ne kocinta, shi ne kuma mai kula da cimarta: gurasar alkamar da aka bari ta tsiro, da nono, da madarar waken suya, da 'ya'yan itatuwa. A ranar mata ta duniya ta Maris 2020 shugaban Indiya na lokacin, Ram Nath Kovind, ya ba ta lambar yabo ta Nari Shakti Puraskar, wadda ƙasar ke karrama mata da ita. Ta rasu a ranar 31 ga Yuli, 2021, tana da shekara 105, bayan fama da cutar daji. Shekara goma sha biyu kacal ta yi a fagen gudu, su ne kuma na ƙarshen rayuwarta.

Yadda gasar manya take

Wannan gasa tana da hukuma da dokoki da alƙalai kamar kowace gasar guje-guje. Ta samo asali ne a shekarun 1960, lokacin da wani lauya a San Diego ta Amurka mai suna David Pain ya fara shirya tsere ga maza 'yan shekara 40 zuwa sama. An yi gasar duniya ta farko a Toronto ta Kanada a watan Agustan 1975, da 'yan wasa sama da 1,400 daga ƙasashe 32. A 1977 aka kafa ƙungiyar duniya a Gothenburg ta Sweden, wadda tun 2001 ake kira World Masters Athletics. Gasar ta taɓa zuwa Afirka, a Durban ta Afirka ta Kudu a 1997. Da ta koma Gothenburg a 2024, mahalarta sun kai kimanin 8,000.

Ƙa'idar da aka gina komai a kanta ita ce adalci tsakanin sa'anni. Ana shiga daga shekara 35, maza da mata, kuma an kasa mutane rukuni rukuni na shekara biyar biyar: 35 zuwa 39, 40 zuwa 44, haka har zuwa 100 da abin da ya yi sama. Kai yanzu kana rukunin 50 zuwa 54. Ba za a jera ka da ɗan shekara ashirin ba, ba kuma za a jera ka da ɗan saba'in ba. Shi ya sa 'yan wannan fage suke murna da shekarar da za su tsallaka sabon rukuni, domin a nan su ne ƙanana.

Ba a gindaya sharaɗin sai mutum ya taɓa yin wani lokaci na musamman kafin ya shiga gasar duniya. Abin da ake buƙata shi ne rajista ta hannun ƙungiyar ƙasarsa, da shaidar ranar haihuwa, da kuɗin shiga. Kuma kada a yaudare ka, babu arziki a ciki. Galibin mahalarta su ke biya wa kansu jirgi da masauki, abin da suke komawa gida da shi kuwa lamba ce da lafiya da abokai. Akwai tsofaffin zakarun Olamfik a cikinsu, amma mafi yawa malaman makaranta ne da likitoci da direbobi da 'yan fansho.

Wadda ba ta taɓa barin fili ba

Man Kaur ta shigo fage a ƙarshen rayuwa. Akwai kuma masu shigowa tun ƙuruciya su ƙi fita, kuma babu wadda ta kai Merlene Ottey a cikinsu. An haife ta a ranar 10 ga Mayu, 1960, a wani ƙauye mai suna Cold Spring a Jamaika. Ta tafi karatu Jami'ar Nebraska a Amurka a 1979, shekara guda bayan haka ta ci tagulla a mita 200 a gasar Olamfik ta Mosko. Daga 1980 zuwa 2004 ta halarci gasar Olamfik sau bakwai, ta tara lambobi tara, azurfa uku da tagulla shida. Zinaren Olamfik kam bai taɓa zama rabonta ba. A Atlanta a 1996, ita da Gail Devers ta Amurka sun taka layi a daƙiƙa 10.94 su biyun, sai da aka duba hoto sannan aka ba Devers. A gasar cin kofin duniya kuwa ta lashe mita 200 sau biyu, a 1993 da 1995.

Abin da ya sa muka kawo ta shi ne lokacin da ta yi gudunta mafi sauri. Daƙiƙa 10.74 ne a mita 100, a birnin Milan a 1996, tana da shekara 36, shekarun da yawancin 'yan tsere sun riga sun rataye takalmi. A 2000, tana da shekara 40, ta yi 10.99. A wannan shekara ce wasu 'yan tawagar Jamaika suka yi zanga-zanga a masaukin 'yan wasan Olamfik na Sydney, suna ganin an tauye wata matashiya don a ba ta gurbi. Ta yi gudun duk da haka, ta taimaka wa ƙasarta cin azurfa a gudun miƙa sanda. Daga baya ta karɓi takardar zama 'yar ƙasar Slovenia a 2002, inda kocinta yake. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Olamfik ta Athens tana da shekara 44. Ta yi daƙiƙa 11.67 tana da shekara 50. A 2012, tana da shekara 52, sa'arka ke nan a yau, ta yi wa Slovenia gudun miƙa sanda a gasar nahiyar Turai a Helsinki, tare da 'yan matan da ta isa ta haife su.

Rikicin Sydney yana nuna amfanin gasar manya. A tawagar ƙasa gurbi kaɗan ne, in babba ya zauna yaro zai rasa. A gasar manya babu wanda ya tare wa wani hanya, kowa yana da layinsa.

Mu ma muna da namu misalin a gida. A tseren mita 200 na Atlanta da Ottey ta ci azurfa, wadda ta zo ta uku ita ce Mary Onyali ta Najeriya. Shekara bakwai bayan haka, a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, Onyali tana da shekara 35 ta lashe mita 100 da mita 200, a 2004 kuma ta halarci gasar Olamfik ɗinta ta biyar. Arewa ma ba baƙuwa ba ce a gudun gajeren zango. Mamman Makama da Musa Dogonyaro sun wakilci Najeriya a mita 400 a gasar Olamfik ta Meziko a 1968. Musa Audu yana cikin mutum huɗun da suka ciyo tagulla a gudun miƙa sanda na mita 400 a Athens a 2004. A tsallaken iyakarku kuwa, Aminatou Seyni 'yar Dosso ta zo ta huɗu a duniya a mita 200 a 2022. Ƙafafu muna da su. Abin da muka rasa shi ne wurin da mai gudu zai koma bayan ya bar makaranta ko ya bar tawagar jiha.

Abin da shekaru ke ɗauka, da abin da suke bari

Ba za mu ce maka shekaru ba su da tasiri ba. Dubi wannan jeri na maza a mita 100. Usain Bolt ya yi daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009 yana da shekara 22. Kim Collins na tsibirin Saint Kitts ya yi 9.93 a Jamus a 2016 yana da shekara 40, gudun da ya fi wanda ya ci gasar duniya da shi a 2003 sauri. Willie Gault na Amurka ya yi 10.88 yana da shekara 50. Ron Taylor na Ingila ya yi 11.70 a rukunin 'yan 60. Payton Jordan, wanda ya jagoranci tawagar guje-guje ta Amurka zuwa Meziko a 1968, ya yi 14.35 yana da shekara 80. Frederico Fischer na Brazil ya yi 17.53 yana da 90. Lester Wright ya yi 26.34 a Philadelphia a 2022 yana da shekara 100.

Idan ka lura, tsakanin 40 da 60 abin da aka rasa bai kai daƙiƙa biyu ba. Faɗuwa mai tsanani sai bayan 80. Waɗannan zaratan duniya ne, kada ka auna kanka da alƙalumansu, amma yanayin gangarowar ɗaya ne ga kowa: a hankali take tafiya ga wanda yake motsa jiki, da gudu take zuwa ga wanda ya zauna.

Dalilin yana cikin tsoka. Allah Ya halicci tsokar ɗan Adam da zaruruwa iri biyu, masu juriya da ke aiki a doguwar tafiya, da masu fizga da ke aiki lokacin zabura ko tsalle ko ɗaga abu mai nauyi. Masu fizgar su ne suke fara ƙanƙancewa da shekaru, musamman idan ba a amfani da su. Shi ya sa tsohon mai gudu yakan iya sauya ƙafa da sauri kusan kamar da, amma takunsa ya gajarce, domin ƙarfin da yake dukan ƙasa da shi ya ragu. Agara tana rasa taushi, bugun zuciya mafi sama yana sauka kaɗan kaɗan, gajiya kuma tana daɗewa kafin ta sake. Sai dai waɗannan zaruruwa masu fizga suna amsa horo har a tsufa, kuma su ne suke ceton dattijo idan ya yi tuntuɓe a bakin masallaci ko santsi ya kwashe shi a banɗaki. Karayar ƙugu ta kwantar da tsofaffi da yawa kwanciyar da ba su tashi ba. Don haka amfanin wannan horo ya wuce lambar zinare nesa ba kusa ba.

Batun zubar da girma

Wannan ita ce ainihin tambayarka, kuma mun fahimci inda ta fito. A ƙasar Hausa muna auna dattako da natsuwa. Magidanci ba ya gudu sai da dalili, idan an gan shi a guje kuwa sai a tambaya ko lafiya. Da hurhura ta fito, sai a sa ran ganin mutum a kan tabarma ko benci, daga gida sai rumfa sai masallaci. Wannan natsuwa abu ce mai kyau a magana da mu'amala, amma da muka mayar da ita rashin motsi, sai ta haɗu da babur da mota da shayi mai suga, ta haifar mana da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki a tsakanin mutanen da ba su kai sittin ba.

Addininmu bai ɗauki tsere a matsayin zubar da mutunci ba. Ya tabbata a ruwayar Abu Dawud da Imam Ahmad cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, har sau biyu. A karon farko ta wuce shi, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta. Wannan ya faru ne bayan hijira, lokacin ya haura shekara hamsin. A cikin Sahihu Muslim kuma akwai labarin Salamatu ɗan Akwa'u, sahabin da ya shahara da gudu, wanda ya nemi izinin Annabi ya yi tsere da wani mutumin Madina a hanyar dawowa daga yaƙi, aka ba shi izini, ya kuma ci. Babu mai girman da ya kai na wanda ya yi wancan tsere. Abin da ake nema shi ne suturta jiki da kiyaye lokacin salla. Dogon wando na motsa jiki da riga mai hannu ba sa hana gudu. Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain da hijabinta ta lashe mita 200 a gasar nahiyar Asiya a Doha a 2006. Wannan amsa ce ga iyayenmu mata ma, waɗanda za su iya haɗa kai su nemi izinin amfani da filin makarantar 'yan mata mai katanga.

Yadda za ka fara

Malam, a nan muna roƙonka ka saurara da kyau, domin tsofaffin 'yan gudu sun fi kowa jin rauni. Zuciya tana tuna gudun sakandare, ƙafa kuwa ta manta. Kai da kake bakin iyaka ka ga manyan motocin da suka yi watanni a tsaye lokacin da aka rufe boda a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Ranar da aka buɗe, direban kirki bai tayar da mota ya taka ta zuwa Maraɗi ba, sai da ya duba mai da batir da taya da birki. Jikinka ya fi shekara talatin a ajiye.

Matakin farko asibiti ne. A auna hawan jini da suga, a saurari zuciya, in da hali a yi gwajin bugunta da na'ura. Faɗa wa likita ƙarara cewa gudu mai ƙarfi kake son komawa. Idan ka taɓa jin ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙe maka da ɗan aiki, ko jiri na ɗibarka, ko akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi ya mutu da ƙuruciya a danginku, kada ka ɓoye. Idan kana shan maganin hawan jini, ci gaba da sha, gudu ba ya maye gurbinsa sai likita ya ce.

Bayan haka ka ba kanka wata biyu na tafiya da sauri kawai, rabin sa'a a rana, kwana biyar a mako. Wannan ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ƙarfafa tsokar ba ta buƙatar kayan ƙarfe: tashi da zama a kan benci ba tare da dafa gwiwa ba, ɗaga dunduniya kana tsaye, hawa da sauka a dakali. Sai a wata na uku ka fara sassarfa, sannan gudun mita 40 zuwa 60 da rabin ƙarfinka, sau huɗu ko biyar, kana dawowa da tafiya a tsakani. Kwana biyu a mako ya isa, kuma a bar kwana biyu tsakaninsu. Kada ka taɓa zabura ba tare da ka ɗumama jiki na minti goma sha biyar ba. Wurare biyu da suka fi tsinkewa su ne tsokar bayan cinya da agarar dunduniya, kuma tsinkewar agara tana iya cin mafi yawan shekara kafin ta warke. Idan yara suka zuga ka ku gwada a makon farko, yi murmushi ka wuce. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanayin Jibiya ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, don haka lokacinka shi ne bayan Asuba da gari ya waye, ko yamma lis kafin Magariba, da ruwa a hannu. Ranar da hazo ya yi kauri a hunturu, a haƙura. A watan azumi a rage, a mayar da abin da ya saura bayan buɗa baki. Saboda halin tsaron da yankin ya sha fama da shi, kada ka bi hanyar daji ko gefen dam kai kaɗai da duku-duku. Filin makaranta a cikin gari ya wadatar. Nemi izinin shugaban makarantar, ku share tsakuwa da ƙaya, ku auna mita 100 da tef ɗin magina, wani ya riƙe agogon waya. Ka sani cewa lokacin da aka ɗauka da hannu yakan fi na na'ura gajarta da kusan rubu'in daƙiƙa, don kada ka ruɗi kanka.

Gargaɗi ɗaya kuma: ka nisanci ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake tallarsu a tasha da kasuwa. Ana gwajin ƙwaya a gasar manya, kuma tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta sa tramadol cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Ko ba don doka ba, ƙwayar da ke ɓoye ciwo tana ɓoye maka ƙararrawar da jiki ke kaɗawa ne.

Takardar haihuwa

Idan burinka ya kai ga shiga gasa, gyara takardunka tun yanzu. Tunda komai a kan shekaru yake, shaidar haihuwa ita ce tikitin shiga. Fauja Singh, wani ɗan Punjab, ya kammala gudun fanfalaki na kilomita 42 a Toronto a 2011, ana lissafa masa shekara 100, amma kundin Guinness bai karɓi bajintar ba saboda ba shi da takardar haihuwa, domin ba a rubuta haihuwa a ƙauyensu a wancan zamani. Dattawanmu da yawa haka suke, shekarunsu sai dai a ƙiyasta da zamanin wani sarki ko shekarar wata yunwa. Tabbatar ranar haihuwar da ke fasfo ɗinka ta yi daidai da ta katin ɗan ƙasa da ta takardun makaranta. Ka kuma yi wa 'ya'ya da jikoki rajista a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun suna jarirai. Don sanin hanyar rajistar gasa, tuntuɓi masu kula da guje-guje a hukumar wasanni ta jiha a Katsina, su ne za su haɗa ka da Hukumar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Najeriya.

Amsarmu ke nan: za ka iya, matuƙar likita ya amince kuma ka bi abin a hankali, kuma babu zubar da girma a ciki. Kada ka fita kai kaɗai. Nemo abokan da kuka yi gudu tare a makaranta, da tsofaffin malaman wasanni, da jami'an kwastan da na shige da fice da suka yi ritaya suka zauna a garin, ku zama ƙungiya ko da ta mutum biyar ce. Muna kuma kira ga shugabannin makarantun Jibiya su riƙa saka tseren iyaye da malamai a gasar wasannin shekara, a raba shi bisa shekaru, da ma'aikacin lafiya a gefen fili. Hukumar wasanni ta Jihar Katsina ita ma ta ware rana guda a shekara a filin wasa na Muhammadu Dikko domin 'yan shekara 35 zuwa sama, ta gayyaci 'yan'uwanmu na Ɗan Isa da Maraɗi. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya kuma zaunar da yankinku lafiya.